Kujerun Rangwame da Mai Riƙon Igiya

Sunansa Kemuel ɗan Naseli, mutumin tsibirin Badu. Na rubuta sunan nan sau ɗaya domin 'yarsa ta ce sai na rubuta, ba kuma zan sake ba. Mijin yayata Dalassa ne, a wurinmu kuwa mutum ba ya kama sunan surukinsa, ko a gabansa ko a bayan idonsa. Tawi nake ce masa, shi ma Tawi yake ce mini, shekara hamsin da shida muna haka. Yanzu da za a yi bikin buɗe dutsen kabarinsa a watan Disamba, wato a yaye mayafin da aka lulluɓe sabon dutsen da shi, dangi suka ce tunda ni na yi makaranta, in rubuta abin da za a karanta wa jikoki. Na ce to, amma abin da na gani da idona kaɗai zan rubuta, sai kuma abin da shi ya faɗa mini da bakinsa, wanda ba shi da yawa.

An haife shi a 1937. Ya girme ni da shekara huɗu. Ni an kai ni makarantar mishan a tsibirin Moa, inda Fada ya dasa mana Turanci da bulala da littafin waƙoƙin coci, na fito na yi aikin akawu. Tawi bai wuce aji huɗu ba. Yana ɗan shekara goma sha biyar ya shiga jirgin kawa, wato jiragen da ke ɗebo bawon kawa daga ƙarƙashin teku ana sayar wa Turawa su yi maɓallin riga. Ya fara da wanke-wanke da kankare bawo. Yana shekara goma sha takwas aka ba shi igiya.

Jikokinmu ba su san wannan aiki ba, don haka bari in yi bayani. Mai nutso yakan sa ƙatuwar hular ƙarfe, ya sauka gaba ashirin ko talatin cikin ruwa. Abu biyu ne ke haɗa shi da duniya: tiyon da ake tura masa iska, da igiyar da ke ɗaure a ƙugunsa. Wani ne ke kula da tiyo, wani ke riƙe igiya, kuma mai igiya shi ne babba. Muddin mutum yana ƙasa, mai igiya ba ya hira, ba ya shan taba, ba ya waiwaye ko kyaftin ne ya kira shi. Ba ya naɗe igiyar a hannu. A kan yatsansa manuni take kwanciya, ta nan yake jin tafiyar mutumin da ba ya gani. Idan ta yi tauri, ta hana mai nutso aiki. Idan ta yi sako-sako, ta sarƙe a dutse. Da ja suke magana. Ja ɗaya, lafiya lau. Ja biyu, ƙara mini igiya, zan yi gaba. Ja huɗu, fito da ni. Kuma duk jan da ya zo daga ƙasa, na sama sai ya mayar da irinsa, domin na ƙasa ya san an ji. Mai nutson da ya ja ba a amsa masa ba, ba ya ɗaga ƙafa daga inda yake.

Mai nutso shi ke zaɓen mai igiyarsa, yawanci ɗan'uwa ko suruki, kuma a kwano ɗaya suke cin abinci. Tawi ya riƙe wa ƙanensa Jomen igiya shekara huɗu. A watan Oktoba na 1962, a ruwa mai zurfi kusa da tsibirin Erub, ƙurji ya fito wa Tawi a yatsansa manuni, ya kumbura har ba ya iya lanƙwasa shi. Kyaftin ya ce ba za a yi asarar yini ba, ya ba wani mutum igiyar, wanda a makon nan ya shigo jirgin. Wanda ya yi zurfi ba a fito da shi gaba ɗaya, sai a riƙa tsayar da shi mataki-mataki har jikinsa ya saba. Mutumin ya gaggauta. Jomen ya rasu kafin rana ta faɗi, aka binne shi a Erub. Ban taɓa jin Tawi ya zagi mutumin nan ba. Abin da ya ce kawai, mutumin bai san Jomen ba, ko cokali ɗaya ba su taɓa ci tare ba. Ya ƙara shekara biyar yana riƙe wa wasu igiya, ba wanda ya yi ko ɗingishi a hannunsa.

Daga baya maɓallin roba ya kashe sana'ar. A 1967 Tawi ya bi sauran mazanmu zuwa babbar ƙasa, aikin shimfiɗa layin dogo. Ya yi shekara ashirin da takwas yana wannan, daga ƙarshe ya zauna a unguwar Inala a Brisbane, gida na uku daga nawa. Yana da bishiyar mangwaro da ba ta cika yin 'ya'ya ba, yana waƙa a coci da babbar murya, yana gyara wa maƙwabta duk abin da ke buƙatar ƙulli. Ba mutum ne mai surutu ba, amma idan ya yi maka ba'a sai ka yi mako kana juya ta.

'Yarsu ɗaya ce, Bakoi, ma'aikaciyar asibiti. Ita ta haifi Seriana, uban yarinyar kuwa bai daɗe a cikin labarin ba. Saboda aikin uwarta, a hannun kakanninta Seriana ta tashi, tana kiran Tawi Ate, wato kaka namiji. Shi ya koya mata maganar igiya, da hannun riga. Idan za su tsallaka titi, ta ja rigarsa sau ɗaya, ya ja tata sau ɗaya. A coci idan wa'azi ya yi tsawo, sai ta ja hannun rigarsa sau biyu. Idan ya mayar mata da biyu, ta sulale waje wurin yara. Dalassa ta sha yi masa faɗa a kan wannan, ya ce ai ba magana suka yi a coci ba.

Yarinyar ba ta zama a ƙasa. Tana shekara shida ta lanƙwasa ƙarfen shanyar bayan gida da lilo. Tana shekara tara aka sauko da ita daga kan rufin coci. Aka sa ta a ajin tsalle-tsalle don ta rage ƙarfi, sai abin ya zame mata sana'a. Tana shekara goma sha takwas ta tafi Melbourne makarantar masu wasan alkafura, daga nan wani kamfani ya ɗauke ta. Tawi bai hana ba. A zatonsa a ƙasa ake yi, kan katifa. Dalassa ta rasu a 2009 ba ta san gaskiyar abin ba, shi ma bai sani ba sai ranar da Bakoi ta nuna masa hoto a waya: Seriana a kan lilo can sama kusa da rufi, ta saki hannu biyu, da wata siririyar igiya ɗaure a ƙugunta. Ya daɗe yana kallon hoton. Bai tambayi tsawon wurin ba, bai tambayi abin da ake biyanta ba. Ya ce, "Wa ke riƙe igiyar?"

Da Ista ta 2014 Seriana ta zo gida da labari. Kamfanin zai tafi Turai shekara biyu, kuma suna so ta bi su. Sun ba ta lokaci har zuwa watan Agusta, lokacin da za su zo Brisbane su yi wasan mako guda. Ranar Litinin da ke biye, goma sha takwas ga wata, ko ta sa hannu a takarda ko a ba wata gurbin. Ina wurin, muna cin kifi da doya da aka dafa da ruwan kwakwa. Tawi ya sake yin tambayarsa. Ta ce masa kamfani yana da ƙwararru, ana gwada kowace igiya da na'ura, akwai takardun shaida. Ya ce takarda ba ta da yatsa. Ta ce sunan mai riƙe mata Lorna. Ya ce suna ma ba shi da yatsa. Sai ta miƙa hannu ta ja hannun rigarsa sau biyu.

Bai mayar mata da jan ba. Ya ci gaba da zare ƙayar kifinsa. Tun tana tatata ba ta taɓa ja ya ƙi amsawa ba, ko da amsar ta zama ja ɗaya, wato ta zauna inda take.

Bakoi ta yi fushi. Ta ce da 'yarta ai ita ba yarinya ba ce, shekararta ashirin da uku, ta je ta sa hannu, tsoho zai huce daga baya. Seriana ta ce ba za ta sa ba. Ta ce shi ya koya mata wanda ya ja ba a amsa ba, ba ya ɗaga ƙafa. Haka aka yi wata huɗu. Tana kiran waya kowace Lahadi, suna hirar mangwaro da ciwon gwiwarsa, ba wanda ke taɓo maganar. Da Agusta ya matso ta aiko masa da tikiti biyu na kyauta, irin waɗanda ake ba 'yan wasa don iyalansu. Ya sa a ambulan ya mayar mata. Ya ce ba zai zauna a kujera mai laushi yana tafi, jikarsa tana rataye a hannun baƙo ba.

A nan na shigo. Abin kyauta daga jika ana iya mayarwa, amma abin da tawi ya saya wa tawinsa da kuɗin aljihunsa ba a ƙinsa, wannan kowa ya sani. Ranar Talata na sa taye na shiga jirgin ƙasa zuwa cikin gari, na je tagar sayar da tikiti ta tsohon gidan wasan. Matar da ke wurin ta ce wasan ranar Asabar da rana ya kusa cika, kujerun da suka rage masu tsada ne, amma akwai wasu a wani ɗan ɗaki na gefe, dab da dandamali, an yi musu rangwame zuwa rabin kuɗi. Ta juyo mini da takardar da ke nuna wuraren zama. A jikin ɗakin an rubuta wata kalmar Turanci da na sani sarai. Ita ce kalmar da muke gani muna samari a tsibirin Waiben, a ƙofar otal da ƙofar ofishin kwastan da hanyar unguwar manyan Turawa. A iya saninmu ma'anarta ɗaya ce: nan na manya ne, irinku ba sa shiga. Matar ta buɗe baki za ta yi mini bayani, na ɗaga mata hannu, na ce na iya Turanci tun kafin a haifi mahaifinta. Na sayi uku. A jirgi ina komawa ina murmushi ni kaɗai, wai yau ga ni zan zauna inda aka hana mu, kuma a rabin kuɗi.

Na same shi a gindin mangwaro yana saƙa ragar kifin da ba zai taɓa jefawa ba.

Na ce, "Tawi, na sayi tikiti."

Ya ce, "A yi kallo lafiya."

"Uku ne. Ni da kai da Bakoi. Kuma ba a mayarwa."

Ya ajiye ragar ya dube ni. "Da kuɗinka?"

"Da kuɗina. Rabin kuɗi ma na samu, a wurin zaman manya."

"Kai dai, Tawi, ko akwatin gawa aka ce an yi rangwame, biyu za ka saya."

Ranar Asabar da ƙarfe goma sha biyu na same shi tsaye a ƙofar gida cikin farar rigarsa ta coci.

Gidan wasan irin ginin da ne, mai matakalar farin dutse da jan kafet, rufinsa duk zanen ruwan zinariya, ga wata fitila kamar an kife bishiya. Wani ma'aikaci ya duba tikitinmu, ya raka mu ta wani lungu, ya buɗe mana ƙofa tamu ta kanmu. Kujeru huɗu na jan karan-miski, da labule, da baranda mai ado, mutanen ƙasa suna ɗago kai suna kallonmu. Na gyara taye. Na ce da Tawi ya zauna a gaba, yau mu ne gwamna.

Bakoi ce ta karɓi guntun tikitin ta karanta. Ta dube ni, ta dubi wani ƙaton ginshiƙi da ke gefen barandar, da tarin fitilun da aka jera a jikinsa, sai ta toshe baki da gyale kafaɗunta suna rawa.

Ta ce, "Kawu, ka karanta kalmar da ke biye da ita kuwa? Ba mutane aka taƙaita ba, gani aka taƙaita. Cewa suka yi daga nan ba a ganin dandamali duka."

Na karɓa na sa tabarau. Haka ne. Shekara talatin da biyar ina aikin akawu, ban taɓa tsallake kalma a takarda ba sai ranar.

Tawi ya ce, "Allah ya jiƙan Fada. Bulalarsa ta tafi a banza."

Aka ɗaga labule ƙarfe biyu daidai. Mun ga rabin komai. Muka ga maza uku sun hau kafaɗun juna, na huɗun ya shige bayan ginshiƙi, sai tafi muka ji. Muka ga wata tana jefa ƙwallaye sama, ba mu ga inda suke juyowa ba. Tawi ya harɗe hannu a ƙirji, bai motsa ba. Da aka tafi hutun rabin lokaci Bakoi ta sauka ta nemi a canza mana wuri, aka ce ko kujera ɗaya babu. Ta dawo ranta a ɓace, ba dariya kuma, domin ta san abin da ke tafe ranar Litinin. Ni kuwa kunya ta hana ni ɗaga kai. Na jawo mutum da ƙyar ya zo ya ga jikarsa, na zaunar da shi a bayan ginshiƙi. Tawi ya ce mu bar wahalar da kanmu, shi da ma ba kallo ya kawo shi ba, tawinsa ya kawo shi.

Wasan Seriana shi ne na biyu bayan hutu. Ta fito cikin kaya masu ƙyalli, ta kama wata igiya ta hau, ta ɓace mana a bayan fitilu. Lilon gaba ɗaya yana ɓangaren da ba ma gani. Sai idan ya yi nisa sosai zuwa ɗaya gefen muke hango tafin ƙafarta, ya leƙo ya koma.

Amma daga inda muke, ido yana shiga kai tsaye bayan labulen ɗaya gefen, wurin da mutanen da suka biya cikakken kuɗi ba sa gani. A can cikin duhu-duhu wata gajeriyar mace ce tsaye, mai furfura, cikin baƙaƙen kaya. Ta ware ƙafafu, ta ɗaga kai sama. Igiya ta sauko daga rufi ta ratsa hannuwanta, ragowar tana naɗe a ƙasa gefen ƙafarta ta hagu.

Tawi ya warware hannunsa. Ya jawo kujera gaba har gwiwarsa ta taɓa baranda.

Minti bakwai aka yi, na duba agogo. Ni ban san abin da nake gani ba, sai daga baya ya yi mini bayani. Idan lilo ya tafi, matar ta saki igiya ta bi shi da taki ɗaya. Idan ya dawo, ta karɓe ta hannu bayan hannu, ba ta bari ta yi ciki, ba ta kuma bari ta yi tauri. Ba ta naɗe ta a hannu ba ko sau ɗaya. Wani mutum mai abin magana a kunne ya zo ya tsaya kusa da ita ya faɗa mata wani abu, ko gezau ba ta yi ba, ya gaji ya wuce. Can sai ɗakin duka ya ja numfashi lokaci ɗaya, sannan tafi ya ɓarke kamar ruwan sama a kan kwano. Bakoi ta leƙa har tana neman faɗawa ƙasa don ta ga abin da 'yarta ta yi. Matar nan ba ta dubi jama'a ba, Tawi ma bai dubi sama ba. Yatsansa manuni yana kan barandar yana ɗagawa yana sauka. Sau ɗaya na ji ya ce a hankali, "Saki. Yauwa."

Da aka gama, Seriana ta sauko tana gaisuwa ana ta tafi. Matar ba ta ajiye igiyar ba sai da yarinyar ta shigo bayan labule ta kwance ƙugiyar da hannunta. Sannan ta durƙusa ta naɗe igiyar da kanta, ba ta bar wa kowa ba.

Ƙarfe huɗu da rabi muka tsaya a ƙofar baya inda 'yan wasa ke fitowa. Seriana ta fito da fenti a fuska, ta sa rigar sanyi a kan kayan wasan. Ba ta san zai zo ba. Ta tsaya turus, sannan ta rungume shi.

Ta ce, "Ate, ka gan ni?"

"Na ga tafin ƙafarki sau biyar. Kakanki na biyu ya saya mana kujerun manya." Ya nuna ƙofar da haɓa. "Kira mini matar."

Lorna ta fito tana ɗan ɗingishi, da guntun burodi a hannu. Za ta yi shekara hamsin da 'yan kai. Seriana ta ce mana ita ma da 'yar lilo ce, kafin ƙugunta ya samu matsala. Tawi ya miƙa mata hannu kamar za su gaisa, sai ya juya tafin hannunta sama. Tana sanye da safar hannu ta fata, amma an yanke wurin yatsa manuni. A jikin yatsan akwai kanta mai kwari, inda igiya ke kwanciya. Ya buɗe nasa hannun ya ajiye kusa da nata. Shekara arba'in da bakwai rabonsa da igiyar jirgi, kwarin yana nan.

Ya tambaye ta ina take kallo idan yarinyar tana sama. Ta ce ƙugu, domin fuska tana yi wa 'yan kallo murmushi ko da abu ya ɓaci, ƙugu kuwa ba ya ƙarya. Ya tambaye ta me mutumin nan mai abin magana a kunne ya ce mata. Ta ce wane mutum? Ya gyaɗa kai. Ya tambaye ta tun yaushe take riƙe wa Seriana. Ta ce shekara uku.

Sannan ta ce, "Baba, tambayoyin nan da saura? Akwai wani wasan ƙarfe bakwai, ga shi jikarka ko abincin rana ba ta ci ba, kullum sai na yi faɗa da ita."

Ya ce saura ɗaya, amma ba a tsaye ake yin ta ba. Ta zo gida gobe bayan coci.

Ranar Lahadi Tawi bai tsaya shan shayi a coci ba. Shi ya yi girkin da kansa, kifi da doya da ruwan kwakwa, bai bar Bakoi ta taɓa tukunya ba. Ƙarfe ɗaya Seriana ta iso da Lorna. Ya ajiye wa kowa faranti, amma su biyun ya zuba musu a babban kwano ɗaya. Lorna ta dubi kwanon, ta dubi Seriana, ta ɗauki cokali. Ta ci sosai, har ta ture wa yarinyar ɓangaren da ya fi tsoka ba tare da ta dube ta ba. Aka yi hirar Turai da sanyinta, aka yi mini ba'ar tikiti, Lorna ta yi dariya har da hawaye, ta ce shekara da shekaru ba wanda ya taɓa kallon aikinta sai da aka yi rangwame.

Ana tsakiyar ci Tawi ya ba ta labarin Jomen. Ni kaina ban taɓa jin ya ba da shi daga farko har ƙarshe ba sai ranar, kuma bai wuce jimla shida ba. Da ya gama ya ɗaga yatsan.

Ya ce, "Ranar da naki ya kumbura fa? Wa zai riƙe?"

Lorna ta ajiye cokali. Ta ce, "Ba kowa. Ranar da ba ni, ba ta hawa. A cire wasanta, a sa masu ƙwallaye su yi sau biyu. Sai da na sa aka rubuta haka a takardata da tata kafin na yarda zan bi su. An gwada ni sau ɗaya a Adelaide, ina zazzaɓi, manaja ya kawo wani. Na sa igiyar a jakata na tafi da ita masauki."

Seriana ta ce gaskiya ne, manajan ya yi mako ba ya gaishe su.

Tawi ya ɗauki ludayi ya ƙara wa Lorna romo. Ya miƙa hannu zai ɗauko gishiri a gaban Seriana, a hanya ya kama hannun rigarta ya ja sau biyu. Ya ɗauki gishirinsa ya barbaɗa, ya ci gaba da zare ƙaya.

Seriana ta sunkuyar da kai a kan kwanon ta daɗe. Bakoi ta tashi wai za ta duba ruwan zafi. Lorna ba ta san abin da ya faru ba, ta tambaye ni ko akwai sauran doya.

Ranar Litinin da safe yarinyar ta sa hannu. Shekara biyun ta zama huɗu. Tana turo hotuna masu motsi a waya, Bakoi tana kai masa, yana cewa masu ɗaukar ba su san aiki ba, kullum sama suke nunawa. Har ya rasu a watan Yuni na 2017, a gadonsa, bai taɓa ganin abin da jikarsa ke yi a kan lilon ido da ido ba. Idan mutanen coci suka tambaye shi yadda wasan ya kasance, sai ya ce matar ta iya aiki.

Seriana ta ce za ta zo buɗe dutsen, kuma tare da Lorna, don haka masu girki su lissafa da ita. Ni kuwa na duba ƙamus ɗina na makaranta daga baya, na tarar kalmar nan tana da ma'ana biyu, tawa ce ma ta farko. Na kai masa littafin har gindin mangwaro na nuna masa. Ya ce ya gani, amma bai fasa kirana Tawi mai kujerun manya ba.